Wai Dawuda ɗan mowa ne Saul ɗan bora? Ku taimake ni da amsa kafin Lahadi

Malamar Yara:
Salama 'yan'uwa, barkanmu da yamma. Dan Allah ku yi haƙuri rubutun zai ɗan yi tsawo, abin ne ya tsaya min a rai tun ranar Lahadi ko barcin kirki bana yi. Ni nake koyar da ajin matasa a makarantar Lahadi ta cocinmu, 'yan shekara 13 zuwa 17, wannan watan muna kan sarakunan Isra'ila. Wancan makon mun yi Saul, 1 Sama'ila 15, inda aka ce masa ya hallaka Amalekawa kaf shi kuma ya bar sarkinsu Agag da rai ya ware tumaki da shanu masu ƙiba, Sama'ila ya zo ya ce to wannan kukan tumakin da nake ji fa, daga nan aka ce Allah ya ƙi shi da sarauta. Wannan Lahadin sai muka shiga Dawuda da Batsheba, 2 Sama'ila 11 da 12. Ina cikin cewa ku ga alherin Allah, Dawuda ya tuba an gafarta masa, sai wata yarinya da ke zama can ƙarshen benci, wadda ko amin ba ta cika cewa ba, ta ɗaga hannu. Ta ce Malama, Saul tumaki ya bari da rai aka ƙwace masa mulki, Dawuda matar mutum ya ɗauka ya kashe mijin, ya ci gaba da mulkinsa har ya tsufa ya mutu a kan gadonsa, kuma ɗan matar nan ne ma ya gaje shi. Ashe Allah ma yana da 'yan mowa da 'yan bora?

Ajin ya yi tsit. Na ce mata ai Allah zuciya yake dubawa. Ta ce to Uriya mijin matar fa, shi me zuciyarsa ta yi? Allah ne ya cece ni aka kaɗa ƙararrawar shiga sujada.

Abin da ya hana ni barci shi ne na san inda tambayar ta fito. Yayarta ta yi ciki bara, aka sa ta a horo, aka kira sunanta a gaban jama'a, aka hana ta cin jibi da shiga waƙa, wata shida tana zama bencin baya. Yaron da ya yi cikin ɗan wani babba ne a cikinmu, kafin maganar ta fasu an tura shi karatu wani gari, da Kirsimeti ya dawo har shi ya buga mana ganga. Kar ku tambaye ni wane coci ko wane gari, bazan faɗa ba. Shawara kawai nake nema, me zan ce wa yarinyar nan ranar Lahadi, ko kuwa irin waɗannan labaran tsallake su ya kamata a riƙa yi a ajin yara? Don a gaba akwai Amnon ɗan Dawuda da ya yi wa ƙanwarsa Tamar fyaɗe, ni ban ma san ta ina zan fara ba.

Ɗan Kwaya:
Malama amsar a fili take ai. Saul bai tuba ba, Dawuda ya tuba. Ki karanta musu Zabura 51 shikenan.

Direban Tifa:
Ɗan Kwaya na waƙa ko na sha? Don wannan amsar da sauri ta fito.

Ɗan Kwaya:
Na waƙa mana, kai dai baka rabo da tsiya.

Maman 'Yan Biyu:
Ƙanina wannan amsar ai ita Malama ta riga ta bayar yarinyar ba ta karɓa ba. Kuma ka buɗe wajen ka gani, Saul ma ya ce na yi zunubi, ba sau ɗaya ba ma, aya 24 da aya 30. In yarinyar mai karatu ce za ta kawo maka wannan ka rasa bakin magana. Yaran yanzu da Baibul a waya ba a yi musu kwana-kwana.

Ɗalibin Tauhidi:
Gaskiya ne Mama, ya faɗa sau biyu, amma ki bi hanyar da aka bi kafin kalmar ta fito daga bakinsa. Sama'ila yana isowa Saul ya tare shi da fara'a wai na cika umarnin Ubangiji. Kafin nan ma ya riga ya biya Karmel ya kafa wa kansa dutsen tunawa. Da aka ce to kukan tumakin fa, sai ya ce jama'a ne suka kawo, kuma don hadaya suka kawo. Aka sake matsa shi ya sake cewa ni na yi biyayya, jama'a ne. Sai da aka yanke hukunci sannan ya ce na yi zunubi, nan ma ya liƙa masa dalili wai tsoron jama'a ya ji. Na biyun kuma shi ya fi tona shi, na yi zunubi amma dan Allah ka girmama ni a gaban dattawa, ka raka ni a gan mu tare. Wato abin da ya dame shi kar a gane a waje, a rufa masa asiri kawai. Dawuda kuwa da annabi Natan ya ce masa kai ne mutumin, a Ibrananci kalma biyu kacal ya faɗa, na yi wa Ubangiji zunubi, babu amma, babu ai ita ce ta yi wanka a fili, babu ai Yowab shugaban sojoji ne ya tsara yaƙin. Ga shi sarki ne, da ya so a take a sare kan Natan babu mai tambayarsa.

Sannan Malama ki gyara mata abu ɗaya, ba maganar tumaki kaɗai ba ce. Tun sura 13 a Gilgal ya gaji da jiran Sama'ila kwana bakwai ya miƙa hadaya da kansa. Daga baya ya sa Doyeg ya kashe firistoci 85 a Nob don an ba Dawuda gurasa da takobi, ƙarshe ya je gidan mai duba a Endor da dare. Kuma ba ranar aka sauke shi daga kujera ba, daga sura 15 har 31 yana mulki, shekaru ne masu yawa da zai iya juyowa.

Maman 'Yan Biyu:
Na yarda da na farkon. Amma Nob da Endor duk bayan an ƙi shi ne, ba za ka ɗauko laifin da mutum ya yi bayan hukunci ka ce shi ne dalilin hukuncin ba.

Ɗalibin Tauhidi:
Kin kama ni Mama. Abin da nake nufi sun nuna irin mutumin da yake ciki tun farko, amma eh, ba su ne dalilin ba.

Baba Dattijo:
Gaisuwa 'ya'yana. Jikana ne yake rubuta min ina faɗa masa, idona ba ya ganin ƙananan rubutun nan. Malama 'yata, duk wanda ya ce Dawuda ya sha, to a sura 12 ya rufe littafin. Da bakinsa ya yanke wa kansa hukunci bai sani ba, da Natan ya ba shi labarin mai arzikin da ya ƙwace 'yar tunkiyar talaka guda ɗaya tilo, wadda take ci a kwanonsa take kwana a ƙirjinsa, Dawuda ya fusata ya ce sai ya biya ninki huɗu, kamar yadda Fitowa 22 ta ce a yi wa ɓarawon tunkiya. To ki ƙirga. Jaririn ya mutu rana ta bakwai. Amnon, ƙaninsa Absalom ya sa aka kashe shi a wajen biki. Absalom, Yowab ya soke shi yana rataye a itace. Adoniya, Sulemanu ya sa aka kashe shi bayan uban ya rasu. 'Ya'ya maza huɗu. An ce masa takobi ba zai rabu da gidanka ba, bai kuwa rabu ba.

Ki karanta musu 2 Sama'ila 15 da 16 a hankali. Tsoho, sarki guda, yana hawan Dutsen Zaitun ba takalmi, kansa a lulluɓe yana kuka, ɗan cikinsa ne ya koro shi daga gari. A hanya Shimai yana binsa ta gefen tudu yana jifansa da duwatsu yana watsa masa ƙura yana ce masa mai zub da jini, sojansa ya ce bari in je in cire kan mataccen karen nan, Dawuda ya ce ku bar shi ya zaga. Mutumin da ya san abin da ya yi ne kaɗai yake iya faɗin haka. A kan rufin gidan da ya tsaya ya hango matar mutane, a nan aka kafa wa Absalom tanti ya shiga wurin matan ubansa da rana tsaka. Haikalin da ya ci burin ginawa ma aka ce ba kai ba, hannunka ya zub da jini da yawa.

Ni na binne ɗa ɗaya, shekara 19 kenan, har yau in na ji mai irin tafiyarsa a ƙofar gida sai na ɗaga kai. Da za a ce min zaɓi, ka faɗi a dutsen Gilbowa rana ɗaya kamar Saul ko ka rayu ka riƙa kuka ɗana Absalom, da ma ni na mutu a madadinka, ban san wanne zan ɗauka ba. Gafara aka yi masa, ba a ɗauke masa girbin abin da ya shuka ba.

Malamar Yara:
Allah ya ƙara ta'azantar da kai Baba. Ban taɓa haɗa ninki huɗun nan da 'ya'yan ba.

Sista Nas:
Baba da girmanka, ka yi min haƙuri, amma ni wannan lissafin ƙara min ciwo yake yi. Wa ya biya bashin? Jaririn da bai san hawa ba bai san sauka ba. Tamar, wadda ta roƙi wanta kar ya yi, ya yi, sannan ya sa bara ya tura ta waje ya kulle ƙofa, ta zuba toka a ka ta yage rigarta, aka ce ta zauna gidan Absalom a kaɗaice, shikenan labarinta ya ƙare. Ƙwaraƙwarai goma da aka bari tsaron gida aka wulaƙanta su, da Dawuda ya dawo ya kulle su har mutuwarsu kamar gwauraye. Lokacin da Dawuda ya sa aka ƙidaya jama'a kuma mutum 70,000 annoba ta kwashe, shi da kansa ya ce ni na yi laifi, waɗannan tumakin me suka yi. Haka gidan Saul, ɗansa Yonatan me ya yi da zai mutu a Gilbowa? In Malama ta je ta ce wa yarinyar nan kar ki damu Dawuda ma ya sha wuya ai 'ya'yansa sun mutu, yarinyar da yayarta ce ta zauna bencin baya ita kaɗai, me kuke ganin za ta ji? Cewa za ta yi to ai maganata kenan, babba ya yi laifi ƙanana su ɗauka. Ni a ɗakin haihuwa nake aiki, 'yan mata nawa na karɓi haihuwarsu daga su sai uwarsu a bakin ƙofa, namijin ko ƙeyarsa ba a gani.

Sojan Yesu:
Ni dai ina ganin ana wuce gona da iri. Wane ne mu da za mu sa Allah a kotu? Romawa 9 ta ce tukunya ba ta tambayar maginin tukwane. Yarinyar tsawata mata ya kamata a yi, yau ta tambayi Allah gobe ta daina zuwa coci. Maganar dattawa kuma a bar ta, an ce kada ku taɓa shafaffena.

Maman 'Yan Biyu:
Ai tsawatarwar ce take sa su daina zuwa, ba tambayar ba.

Rabaran Mai Ritaya:
Salamar Ubangiji gare ku duka. Na karanta tun daga sama, bari in sa baki ko da yake hannuna ba ya sauri a waya.

Ɗana Sojan Yesu, ka yi hankali da ayar nan. Zabura 105 da ka ɗauko tana maganar su Ibrahim ne suna yawo baƙi a ƙasashen mutane, Allah yana gargaɗin sarakuna kar su cuce su. Garkuwar marasa ƙarfi ce daga masu mulki, mu muka juya ta ta zama garkuwar masu mulki. Dawuda ya ƙi kashe Saul a kogo, gaskiya ne, amma yana fitowa ya ɗaga gefen rigar da ya yanka ya faɗa masa laifinsa ido da ido. Kuma abin dariya, a Hausa in an ce shafaffu da mai kowa ya san 'yan gata ake nufi, waɗanda doka ba ta hawa kansu. A Littafi Mai Tsarki kuwa Saul da Dawuda duk annabi ɗaya ne ya shafe su da mai, duk kuma an aiko musu annabi har gida ya tsare su. Uzziya shekara 52 ya yi yana mulki, sarkin kirki ne, ranar da girman kai ya kai shi haikali zai ƙona turare firistoci 80 suka bi bayan babban firist suka ce masa fita, kuturta ta fito masa a goshi yana tsaye, ya ƙare rayuwarsa a ware. Man bai hana ba.

Tambayar kuma ba yarinyar ce ta fara ba. Ibrahim ya tambaya a kan Saduma, mai shari'ar dukan duniya ba zai yi daidai ba? Habakuk littafinsa da ƙorafi ya buɗe. A Ezekiyel 18 mutane suka ce hanyar Ubangiji ba daidai ba ce, har da karin maganarsu wai iyaye suka ci 'ya'yan inabi masu tsami haƙoran 'ya'ya suka mutu, Allah bai ce a tsawata musu ba, amsa ya ba su sura guda.

Maganar mowa da bora, Malama ga abin da zan nuna mata da ni ne. In da Dawuda kaɗai aka yi wa jinƙai sai mu ce son kai ne. Amma Ahab fa, wanda aka ce ba a yi mugu kamarsa ba, bayan jinin Nabot da gonar inabinsa Iliya ya faɗa masa hukunci ya yage tufafinsa ya yi azumi yana tafiya a sanyaye, Allah ya ce wa Iliya ka ga yadda Ahab ya ƙasƙantar da kansa, ba zan kawo masifar a kwanakinsa ba. Manassa fa, ya cika Urushalima da jinin marasa laifi, ya ƙona ɗansa hadaya, Assuriyawa suka ja shi da ƙugiya zuwa Babila, can ya yi kuka aka ji shi aka dawo da shi, 2 Tarihi 33. Waɗannan ba 'yan lelen kowa ba ne. Ƙofar da Dawuda ya bi a buɗe take ga mafi lalacewa, Saul ma da ya nufe ta da ya same ta a buɗe.

Sai dai 'yata Nas ta taɓo inda ni ma nake ɗingishi, bazan yi muku ƙarya ba. Wani ɓangaren ina iya bayaninsa. Abin Tamar ba Allah ya aiki Amnon ba, ɗa ne ya ga yadda uba yake ɗaukar abin da ransa ya so, kuma da labari ya kai wa Dawuda aka ce ya husata ƙwarai, shikenan, bai yi komai ba, da wane baki zai yi? Shekara biyu Absalom yana jiran uban ya hukunta bai hukunta ba. Zunubin babba haka yake, yana kashe masa baki a gidansa. Amma jaririn nan, shekara 40 da wani abu ina wa'azi ban sami amsar da ta kwantar min da rai ba. Haka Yosiya. Manassa mugu ya yi shekara 55 a kan kujera, jikansa Yosiya da aka ce ba a yi sarkin da ya juyo ga Ubangiji da dukan zuciya kamarsa ba shekara 31 ya yi, kibiya ta same shi a Magiddo a yaƙi da Fir'auna Neko yana ɗan shekara 39. Littafin 2 Tarihi ya ce bai saurari gargaɗi ba, na ji, amma 55 da 31 in ka ajiye su gefe da gefe dole ka yi shiru. Littafin bai ɓoye lambobin ba, mu ma kar mu ɓoye wa yara. Ki ce mata wannan ni ma ban gane ba, ba zai rage miki daraja ba.

Yanzu tambayarta ta biyu, Uriya fa. Wannan tana da amsa. Ki sa ta karanta sura 11 da kanta ta ƙirga wa ya tsaya wa Uriya. Barorin da aka aika su ɗauko matar sun yi shiru. Yowab ya karanta wasiƙar da Uriya ya kawo da hannunsa, takardar mutuwarsa, ya aikata ba musu. Aka yi makoki aka ɗaura aure gari ya yi lafiya, magana ta mutu. Sai jimlar ƙarshe ta surar, abin da Dawuda ya yi mugu ne a gaban Ubangiji. A duk ƙasar mutum ɗaya bai buɗe baki saboda baƙon sojan nan Bahitte ba, Allah ne kaɗai ya ɗauki ƙararsa. Kuma bai bari sunan ya ɓace ba. Jerin jarumawan Dawuda a 2 Sama'ila 23 da sunan Uriya aka rufe shi. 1 Sarakuna 15:5 ana yabon Dawuda sai aka ce sai dai a kan maganar Uriya Bahitte. Matiyu ma da ya zo jera kakannin Yesu bai rubuta Batsheba ba, matar Uriya ya rubuta. Wane sarki ne a duniya marubutan fadarsa za su bar irin wannan a tarihinsa?

Bisa doka Dawuda mutuwa ce hukuncinsa sau biyu, Firistoci 20:10 da Ƙidaya 35, kuma babu hadayar da aka tanada wa mai kisan kai da gangan, shi ya sa a Zabura 51 ya ce ba hadaya kake so ba da na kawo. Bulus a Romawa 3 ya san akwai wannan bashin, ya ce zunuban da aka jingine a dā gicciye ne ya nuna Allah bai yi rashin adalci a kansu ba. Mu nan muka tsaya.

Abu na ƙarshe, shi ne ya fi shafar cocinku. Wurin wa aka aiki Natan? Wurin sarki. Babu aya ɗaya da annabi ya je ya tsawata wa Batsheba, a cikin misalin ma ita ce 'yar tunkiyar da aka ƙwace. Mu kuwa sau da yawa tunkiyar muke sa wa horo mai arzikin yana buga ganga. Ni ma na zauna a kujerar da ake yanke irin wannan, akwai wadda har yau in na tuna ina jin kunya, cikin ne yake fitowa a jikin mace shi ya sa ita muke gani. Yarinyar nan ba Allah ta kama da son kai ba, mu ta kama.

Sojan Yesu:
Baba na ji. Amma dai horon da aka yi wa yayar ai ba laifi ba ne, ta yi zunubi.

Rabaran Mai Ritaya:
Ban ce ba ta yi ba ɗana. Mutum biyu suka yi, ɗaya aka kira.

Ɗan Kasuwar Sabon Gari:
Ƙarin abu kaɗan Malama tunda yaranki da yaran Musulmi suke makaranta. Ni dangin babana duk Musulmi ne, a wajensu Annabi Dawud annabi ne kuma annabawa an kare su daga irin wannan aikin, don haka ba su karɓi labarin Batsheba yadda yake a wajenmu ba, ransu ma ɓaci yake in an faɗa. A Suratu Sad akwai masu jayayya biyu da suka shigo masa, mai tumaki 99 da mai guda ɗaya, ya nemi gafara ya faɗi ya yi sujada, amma ba a ambaci mace ko kisa ba. Ki ja musu kunne kar su ɗauki darasin su tafi da shi gardama a makaranta, na ga inda irin wannan ta ɓata zumuncin shekaru.

'Yar Zumunta:
Duk an yi tauhidi mai kyau, ni bari in yi ta mata. Malama kar ki amsa mata a gaban aji kamar ita ce darasin, duk yaran sun san labarin yayarta, kina fara cewa Natan wurin sarki aka aike shi duk za su juya su kalle ta, wani ya kai gida, kafin yamma an ce kin zagi dattijo a makarantar Lahadi. A aji ki ce tambayar da aka yi wancan makon tambaya ce mai kyau, ku karanta sura 11 da 12 tare, ki bar su su gano da kansu. Ita kuma ki same ta a gida. Ki sayi ko sabulu da omo ne ki kai wa mai jegon, ki ɗauki jaririn ki yi masa wasa, ina tabbatar miki tunda aka yi abin nan ƙafafun 'yan coci sun ɗauke daga gidan. Mun iya kai gaisuwar mutuwa da kwano niƙi-niƙi amma gidan da aka yi abin kunya kowa sai ya canza hanya. Kuma kar ki tsallake Tamar, cikin 'yan matan ajinki Allah kaɗai ya san wadda take da Amnon a gidansu, sai dai ki raba su ranar, maza su tafi wajen malami namiji.

Maganar yaron kuma in za ki tayar kar ki tafi ke kaɗai, kar kuma ki fara da taron dattawa tunda uban yana ciki. Ki fara da matar fasto, ku sami wata uwa da ake jin maganarta a zumunta ku je wajen fasto ku uku. Natan ma da labarin tunkiya ya shiga, bai shiga da ihu ba.

Direban Tifa:
Kuma ki shirya, ana iya karɓe ajin daga hannunki. Na ga an yi.

Malamar Yara:
Na gode ƙwarai 'yan'uwa, Baba Rabaran na kwafe naka duka a littafina har da inda ka ce baka gane ba, shi ma zan faɗa mata. Gaskiya Mama 'Yar Zumunta kin sosa min inda yake min ƙaiƙayi, ni kaina tunda aka yi suna ban taka gidan ba, kullum ina cewa sai na samu lokaci, ga shi yaron har ya fara rarrafe. Na kira mamansu ɗazu na ce zan shigo Asabar da yamma, ta yi shiru kaɗan sannan ta ce lafiya dai ko, na ce lafiya lau gaisuwa ce kawai. Maganar zuwa wajen fasto kuwa bazan yi muku alkawari yau ba, mijina a shagon baban yaron yake aiki, sai mun zauna da shi tukuna. Sista Nas in kina da lokaci ki min magana ta akwati, ina so ki taya ni tsara yadda zan yi darasin Tamar da 'yan matan, sati biyu ya rage.

Sista Nas:
Ina dutin dare yau, gobe in na tashi barci zan neme ki. Ki tambayi mamansu ko an gama yi wa yaron rigakafi, in ba a gama ba ki ce ta nemo katin kafin Asabar.